Wa ke yanka wa manajan darakta albashi? Kira ga masu ƙananan hannun jari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ke wucewa ta gaban masu hannun jari kowace shekara ba su ɗaga kai sun dube shi ba, wato kuɗin da ake biyan manajan darakta da manyan mataimakansa a kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su ƙara jari: naira biliyan 500 ga mai lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga mai lasisin ƙasa baki ɗaya, biliyan 50 ga na yanki. Tun daga nan tallar sababbin hannayen jari ta riƙa isowa har cikin wayoyinmu. Wanda bai saya da hannunsa ba ma yana ciki, muddin ma'aikaci ne da ake cire masa kashi 8 cikin ɗari na albashi don fansho, domin kamfanonin fansho suna zuba wani ɓangare na kuɗin nan a hannayen jarin waɗannan kamfanoni. Maganar ta shafi malamin makaranta a Gusau kamar yadda ta shafi attajirin Legas.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau bai buƙatar a koya masa tushen wannan batu. Idan ubangida ya ba yaronsa jari ya juya, ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo cif. Haka malamai suka karantar a babin ƙiradi: mai juya dukiya yana da kaso a cikin ribar da ta tabbata, in kuwa aka faɗi, mai dukiya ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari shi ma dukiyar wasu ce a hannun wasu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a tsarin da muke kai yanzu, mai juya dukiyar yana iya kwashe rabonsa tun kafin a san ko uwar kuɗin tana nan, kuma masu dukiyar ba su da ƙuri'a a kan haka.

Mutane da yawa suna zaton su ne ke amincewa da albashin shugabanni a babban taron shekara, saboda suna jin an karanto ƙudurin "kuɗin daraktoci" an ce a ɗaga hannu. Wannan ƙudurin yawanci na daraktocin waje ne, waɗanda ba sa aikin yau da kullum a kamfanin, kuma shi ne ƙaramin kuɗin. Babban kuɗin, na manajan darakta, hukumar daraktoci ce ke yanke shi kamar yadda dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ba ta dama. Abin da sashe na 257 na dokar ya ƙara shi ne a bayyana wa masu hannun jari abin da aka biya manajoji a wurin taron. A bayyana kawai. Sakataren kamfani zai miƙe ya ce bayanin yana shafi kaza na rahoton shekara, ciyaman ya ce a wuce abu na gaba, shi ke nan. Duk abin bai cika minti ɗaya ba.

To mene ne a shafin? Wanda ya buɗe rahoton shekara ya wuce hotunan daraktoci da jawabin ciyaman, ya nufi bayanan da ke bin lissafin kuɗi a can baya. Zai tarar da wuri biyu. Na farko yana nuna jimillar abin da aka biya daraktoci, da abin da ciyaman ya karɓa, da abin da "daraktan da ya fi kowa albashi" ya karɓa, ba tare da suna ba, ko da yake kusan kullum manajan darakta ne. Na biyu yana ƙarƙashin hulɗa da na-gida, wato hulɗar kamfani da shugabanninsa da makusantansa, inda ake jera abin da manyan jami'ai suka samu a dunƙule: albashi da alawus, kuɗin ritaya, da hannayen jarin da aka ba su. A wurin ne kuma, idan banki ne, ake jera bashin da aka ba daraktoci da kamfanoninsu, da ko ana biya ko ya tsaya. Mai karatu ya ɗauki biro ya rubuta adadin bana kusa da na bara, sannan ya rubuta ribar kowane hannun jari ta bana da ta bara, da abin da aka raba masa. Idan albashin ya ninka alhali rabon bai motsa ba, yana da tambaya. Amma zai lura cewa adadi ɗaya aka ba shi a dunƙule. Ba a faɗa masa nawa ne tsayayyen albashi ba, nawa ne tukuicin ƙwazo, kuma da wane ma'auni aka auna ƙwazon. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar maganar.

Ni ba na cikin masu cewa a biya shugaban babban kamfani albashin darakta a ma'aikatar gwamnati. Mutumin da ke riƙe da amanar tiriliyoyin naira da dubban ma'aikata ya cancanci a biya shi da kyau, in ba haka ba wani kamfanin zai ɗauke shi. Abin tsoro shi ne ma'aunin da aka ɗaura tukuicinsa a kai, domin ɗan Adam inda aka rataya masa lada nan yake fuskanta.

Ga ma'aunin da ya fi yawa, wato ƙaruwar riba a naira. A ɗauka kamfani ya ci ribar biliyan 100 bara, bana ya ci biliyan 120. A takarda an samu ƙarin kashi 20, tukuici ya halatta. Amma a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. A irin wannan shekarar sai ribar ta kai biliyan 134 kafin a ce kamfanin ya tsaya inda yake. Ke nan an ba mutum lada a kan koma baya. Haka kuma da aka saki naira a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 750 cikin 'yan kwanaki, bankunan da ke riƙe da dala sun wayi gari da riba mai ɗimbin yawa wadda ba wanda ya yi mata gumi, har Babban Banki ya fito a watan Satumba na shekarar ya hana su raba wannan ribar ga masu hannun jari ko kashe ta a hidimar yau da kullum. A daidai lokacin, kamfanoni irin su MTN Nigeria da Nestlé Nigeria, masu bashin dala a wuya, suka rufe shekarar da asara. Shugaban bankin bai fi na kamfanin sadarwa iya aiki ba a wannan shekarar, canjin kuɗi ne ya ɗaga ɗaya ya kayar da ɗaya. Kwamitin albashi mai hankali zai cire tasirin canjin kuɗi daga lissafi kafin ya auna kowa, a shekarar daɗi da ta wuya.

Ma'aunin da ya fi wannan haɗari a banki shi ne girman bashin da aka bayar. Bashi yana kawo kuɗin shiga tun watan farko, ruɓewarsa kuwa sai bayan shekara biyu ko uku take fitowa. Wanda ake biya tukuici a ƙarshen kowace shekara bisa yawan bashin da ya raba zai karɓi nasa ya tafi kafin wari ya tashi. Mun ga wannan da idonmu. Bayan haɗe bankuna na zamanin gwamnan Babban Banki Charles Soludo, da ya mayar da su 25 daga 89, bankuna sun riƙa ba da bashi ana sayen hannayen jari da shi, wani lokaci hannayen jarin bankin da ya ba da bashin. Ma'aunin farashin hannayen jari na kasuwar ya haura maki 66,000 a Maris 2008, bayan shekara guda ya faɗo wajen 20,000. Ranar 14 ga Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank, aka zuba musu naira biliyan 420, daga baya jimillar ta kai biliyan 620 da aka haɗa da wasu bankunan. A Oktoban 2010 kotu ta yanke wa Cecilia Ibru ta Oceanic ɗaurin wata shida tare da ƙwace kadarori na kusan naira biliyan 190. A Agustan 2011 aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, suka koma Mainstreet da Keystone da Enterprise, masu hannun jarinsu suka tashi hannu rabbana. Har yau akwai gidaje a Kano da Kaduna da Sakkwato da ke ajiye da takardun shaidar hannun jarin waɗannan bankuna a ƙasan akwati. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sai kuma damar sayen hannun jari a tsayayyen farashi, wadda ake tallata ta da cewa tana haɗa muradin shugaba da na masu kamfani. A ce an ba shi damar sayen hannun jari miliyan 10 a naira 20 kowanne. Idan farashi ya kai 50, ya ci miliyan 300, ko da kasuwar ce gaba ɗaya ta tashi kuma kamfaninsa ne ma a baya cikin takwarorinsa. Idan farashin ya faɗo 8, bai yi asarar ko kwabo ba, zai bar damar ta mutu kawai, alhali wanda ya saya da kuɗinsa ya rasa fiye da rabi. Gyaran wannan shi ne a auna kamfanin da takwarorinsa biyar ko shida na sana'a ɗaya, a ba shi hannun jarin gaske da ba zai iya sayarwa ba sai bayan shekaru, kuma a wajabta masa riƙe wani adadi muddin yana kan kujera.

Akwai wata hanya da albashi ke hawa ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Hukumar daraktoci ta ɗauko masu ba da shawara, su kawo jadawalin abin da takwarori ke biya. Ba hukumar da ke son a ce shugabanta yana ƙasa da matsakaici, don haka kowa ya ɗan haura tsakiya. Badi tsakiyar ta tashi, a sake haurawa.

Maganin da aka gwada ya yi aiki shi ne jinkirta biya da ikon karɓewa. Idan tukuicin shekara miliyan 300 ne, a biya 120 nan take, a riƙe 180 a sake shi 60-60 cikin shekara uku, rabinsa a hannun jari. Idan bashin ya ruɓe, ko aka gano an kumbura lissafi, a soke abin da ya rage, a kuma bi wanda aka riga aka biya. A Amurka, da asirin bankin Wells Fargo ya tonu a 2016, cewa ma'aikata sun riƙa buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba don cika adadin da aka ɗora musu, an kori ƙananan ma'aikata kusan 5,300, amma hukumar bankin ta kuma karɓe dala miliyan 41 daga shugaban, John Stumpf, ta ƙara karɓe miliyan 28 a 2017. Ta iya yin haka ne saboda yawancin kuɗin bai riga ya zama nasa ba. Kundin shugabancin kamfanoni na Najeriya na 2018, wanda hukumar FRC mai kula da ƙa'idojin rahoton kuɗi ta fitar, ya yi maganar wannan ikon karɓewa. Ya ce kada manajan darakta ya shiga yanke albashin kansa, ya ce kwamitin albashi ya kasance na daraktocin waje kuma darakta mai zaman kansa ya jagorance shi, ya ce kada a ɗaura kuɗin daraktocin waje a kan riba don kada idonsu ya rufe. Shawarwari ne masu kyau. Sai dai kundin tsarinsa shi ne kamfani ya aiwatar ya yi bayanin yadda ya aiwatar, kuma jimla ɗaya a rahoto cewa "kamfani yana da manufar karɓewa" ta wadatar a takarda. Abin tambaya shi ne nawa aka riƙe, har tsawon yaushe, kuma an taɓa karɓewa daga wani?

Wasu ƙasashe sun ba masu hannun jari ƙuri'a kai tsaye. Ingila ta fara da ƙuri'ar shawara, kuma tun a 2003 masu hannun jarin kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline suka yi watsi da tsarin biyan shugabansu da ƙaramin rinjaye. A 2013 aka ƙara ƙuri'a mai ɗaure kamfani a kan manufar albashi, aƙalla sau ɗaya a shekara uku. A 2016 kashi 59 cikin ɗari suka ƙi amincewa da kusan dala miliyan 20 da kamfanin mai na BP ya biya shugabansa Bob Dudley a shekarar da kamfanin ya yi asarar dala biliyan 6.5. Ƙuri'ar ta shawara ce, bai mayar da kuɗin ba, amma a shekarar da ta biyo baya an zaftare masa kashi 40. Amurka ta kawo tata ƙuri'ar shawarar a dokar Dodd-Frank ta 2010. Ostareliya ta fi su dabara: tun 2011, idan kashi 25 suka ƙi rahoton albashi shekara biyu a jere, dole a kaɗa ƙuri'ar ko a rushe hukumar daraktoci a sake zaɓe, kuma manyan jami'an da ake magana a kan albashinsu ba sa kaɗa ƙuri'a.

Nan ne nake son Majalisar Tarayya da hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwar hannun jari su yi hattara, domin kwafo tsarin Ingila kai tsaye ba zai tsinana mana komai ba. A can hannayen jarin manyan kamfanoni a warwatse suke. A nan, manyan kamfanoninmu da yawa suna da uban gida ɗaya. Fiye da kashi 80 na Dangote Cement yana hannun Dangote Industries, fiye da kashi 70 na MTN Nigeria yana hannun uwar kamfanin. Wannan ba laifi ba ne, wani lokaci ma mai babban kaso ya fi kowa sa ido a kan kashe kuɗi, tunda aljihunsa ne ya fi jin jiki. Amma a irin wannan kamfani, ƙuri'ar rinjaye an gama ta tun kafin a buɗe zauren taro, ko kashi 25 na Ostareliya ma ba za a iya haɗawa ba. Abin da ya dace da mu shi ne a ƙidaya ƙuri'ar marasa rinjaye daban. A kawo rahoton albashi kowace shekara, da sunan kowane daraktan zartarwa, da rabe-raben abin da ya karɓa, da ma'aunin da aka yi amfani da shi. A fitar da sakamako biyu, na kowa da kowa da na waɗanda ba su da alaƙa da mai babban kaso ko daraktoci. Idan marasa rinjaye suka ƙi shekara biyu a jere, shugaban kwamitin albashi ya sauka, kuma sai da amincewarsu za a naɗa magajinsa. Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin dokokin kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, sun riga sun hana mai hannu a cikin wata hulɗa kaɗa ƙuri'a a kan ta.

Kafin a kai ga gyaran doka, akwai abin da ke hannunmu yau, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya taɓa leƙa zauren babban taro ya san yadda ake yi: layi ya fi tsawo a teburin rabon jaka da lema da kwalin abinci, a ciki kuwa mutum biyar ko shida da aka saba gani su ne ke karɓar makirufo, su yabi ciyaman, su goyi bayan ƙuduri tun kafin a gama karanta shi. Mai hannun jari daga Arewa kuma ko sanarwar taron ba ta iso shi ba, saboda adireshin da ya bayar a 2007 ne ke hannun rajistara, wato mai riƙe da sunayen masu hannun jari, har yanzu.

Farkon gyara ke nan: a je wurin rajistaran kamfanin, ko ta hannun dillalin hannun jari, a sabunta adireshi da lambar waya da imel, a cike takardar biyan riba kai tsaye ta asusun banki. Ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ce a mayar da ita wani asusun amana na gwamnati, karɓo ta daga can kuwa ƙarin wahala ce. Doka ta ce a ba da sanarwar taro kwana 21 kafin ranar. A cikin wannan tazarar mai hannun jari yana da haƙƙin aika tambaya a rubuce ga sakataren kamfani, kuma ranar rufe karɓar tambayoyi tana cikin sanarwar. Tambayar ta zama gajera mai lamba: kashi nawa na kuɗin manajan darakta ne tsayayye, da wane ma'auni aka biya sauran, an cire ribar canjin kuɗi ko ba a cire ba, nawa aka jinkirta, nawa za a biya shi idan aka sallame shi gobe. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin ko da yake doka ta ce kuɗin sallamar darakta sai an bayyana an kuma amince, diyyar karya yarjejeniyar aiki da kuɗin fansho ba sa cikin wannan sharaɗin, kuma ta wannan ƙofar manyan kuɗi ke fita.

Wanda ba zai iya zuwa ba ya cike takardar wakilci, ta isa wurin rajistara awa 48 kafin taro. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa hannu a bar gurbin "na yarda" da "ban yarda ba" fayau, a kuma bar sunan ciyaman a matsayin wakili. Wanda ya yi haka ya miƙa wa hukumar ƙuri'arsa ta yi yadda ta ga dama. A yi alama a gaban kowane ƙuduri. Tun 2023 doka ta yarda kamfanonin da ke kasuwa su yi taro ta intanet, don haka kuɗin motar Legas ya daina zama uzuri. Kowace shekara kashi ɗaya cikin uku na daraktoci suna sauka su nemi a sake zaɓensu, kuma idan ɗan kwamitin albashi yana cikinsu, ƙin zaɓensa ita ce ƙuri'ar albashin da muke da ita a yanzu. Mutum uku da ke wurin suna iya neman a ƙidaya ƙuri'a bisa yawan hannun jari maimakon ɗaga hannu, masu kashi ɗaya cikin goma na jarin kuma suna iya tilasta a kira taron gaggawa.

Kujerar da ta fi kowace sauƙin samu ga talaka ita ce ta kwamitin binciken kuɗi. Sashe na 404 ya ce mutum biyar ne, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin waje. Kowane mai hannun jari yana iya tsayar da wani ta hanyar rubuta wa sakataren kamfani aƙalla kwana 21 kafin taro. Zaɓen wannan kwamiti da ɗaga hannu ake yin sa, ba a neman ƙidayar hannun jari a kansa, wato mai hannun jari ɗari da mai biliyan ɗaya ƙuri'arsu ɗaya. Doka ta ce 'yan kwamitin su iya karanta lissafin kuɗi, kuma aƙalla ɗaya ya zama ɗan ƙungiyar akantoci da doka ta kafa. Muna da akantoci da tsofaffin ma'aikatan banki masu ritaya a kowane babban gari na Arewa. Masu hannun jari hamsin da suka haɗa kai suka shiga taro ɗaya suna iya zaunar da ɗayansu a kujerar da ke ganin wasiƙar da oditan waje ke rubuta wa shugabanni, da amsar da suka bayar.

Kira na ƙarshe ga hukumar kula da fansho, PenCom. Kamfanonin fansho suna riƙe da ƙuri'u masu nauyi da aka saya da kuɗin ma'aikata, kuma su ne ke da ma'aikatan da za su iya tsefe rahoto mai shafi ɗari uku. A wajabta wa kowannensu ya wallafa a shafinsa, cikin kwana 30 bayan kowane babban taro, yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan kowane ƙuduri da dalilinsa idan ya ƙi ko ya ƙaurace. Ita ma wannan jarida ina roƙon ta riƙa buga jadawali da Hausa a lokacin tarukan shekara, mai nuna sunan kamfani, ranar taro, ranar rufe karɓar takardar wakilci, abin da daraktan da ya fi albashi ya karɓa bana da bara, da abin da aka raba a kan kowane hannun jari.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai nazarin harkokin kasuwar hannun jari, daga Kano